Waken Ci da Waken Kasuwa

A gidanmu wake iri biyu ne, ko da yake gona ɗaya ce ta ba da su, rana ɗaya aka roro su, wuri ɗaya aka sussuke su. Akwai waken ci, akwai waken kasuwa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Malumfashi da Funtua ya san wannan rabon, in kuwa ya ce bai sani ba, to a dube shi da kyau, ƙarya yake yi.

Na ci shi ne wanda Inna ke cuɗawa da toka da dakakken barkono, a ɗura a durom, a toshe bakin da leda da tsumma. Ranar da aka buɗe sai kowa ya yi atishawa. Duk da haka za a tarar ƙwaro ya huda wasu, wasu ma sun yi gari a ƙasan durom ɗin. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Na kasuwa kuwa fari ne tas, sumul, ko huda ɗaya ba za ka samu ba. Shi ne wanda Yayana ke bazawa a kan tamfol a bayan gida, ya ɗaure hancinsa da tsohon rawani, ya yayyafa masa fiya-fiya, maganin nan da ake kashe sauro da kyankyasai da shi, ya juya da shebur, ya ɗura a buhu ya ɗinke. Lokacin Baba ba a yin haka, toka ce ga kowa. Bayan rasuwarsa, da gona ta koma hannun Yaya, aka shigo da kwalba.

Tun ina budurwa na san dokar. Buhunan da ke jere a zaure ba a ɗiba, ko da tukunya na kan wuta babu abin zubawa. Kaza ma in ta doshi tamfol ɗin nan jifa take sha. Na taɓa tambayar Inna su wa ke cin wancan, ta ce mini na Kudu ne, ta ci gaba da tankaɗenta. Na Kudu. Haka muke faɗa, kamar Kudu wani rami ne da ake zuba shara, ba wuri ne da mutane ke zaune da hanji irin namu ba. Ni ma haka na faɗa shekara da shekaru, bakina bai taɓa yin nauyi ba.

Sai aure ya kai ni Kudun.

Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Legas, yakan yi mako biyu ban gan shi ba. Ya kama mana ɗaki a wani gidan haya kusa da bakin ruwa, inda kwale-kwalen masunta ke tsayawa. Makonnina na farko a garin nan yunwa na sha, alhali ɗakina cike yake da kayan abinci. Iskar wurin jiƙaƙƙiya ce. Kukar da na zo da ita ta dunƙule, daddawa ta yi furfura, gishiri ma sai ya narke a kwano ba wanda ya taɓa shi. Na je kasuwa sau ɗaya ni kaɗai, na ga kaguwa da ranta tana tafiya a cikin baho, na ga kifin da ban san sunansa ba, mai kifin ta yi mini magana ban ji ko ɗaya ba, na dawo da burodi.

Wata safiya ina tsakar gida ina farfasa dunƙulen kuka da muciya, ina tsine wa garin da iskarsa da wanda ya kafa shi, sai na ji murya a bayana.

"Yo ke ma, wa ke barin kuka a buɗe a garin nan? Ai sai a kwalba."

Na juya na ga maƙwabciyata ce ta ɗakin ƙarshe, mai sayar da bandar kifi, wadda na yi mako uku ina gaishe ta da ka don na ɗauka ba ta jin Hausa. Ashe Hausar Funtua ce a bakinta, wankakkiya. A Funtua aka haife ta, can ta yi makaranta. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga bakin teku, manja da garin kwaki suke sayarwa, sai bayan rasuwar mahaifinta ta dawo gida da mahaifiyarta. Da na faɗa mata ƙauyenmu sai ta dafa ƙirji, ta ce ai ta sha bin babarta cin kasuwar Dayi, ta ja hannuna har ɗakinsu tana kiran tsohuwar ta zo ta ga 'yar gida. Daga ranar ba ta sake kira na da wani suna ba. 'Yar gida. Tsohuwar kuwa ɗiyata take ce mini, ni ina ce mata Mama. Kiristoci ne, amma azumin farko da na yi a can Mama ce ta dama mini kunun tsamiya, ta ce ta san yadda ake sha a Funtua, ba ruwa-ruwa ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Maƙwabciyata ce ta koya mini cin Legas. Ta ce kasuwar kifi da safe ake zuwa, lokacin da masunta ke fitowa, kafin kaya su shiga hannu na biyu. Ta nuna mini yadda ake ɗaga kunnen kifi a leƙa ciki, in ja ne jawur a saya, in ya yi fari-fari a ajiye ko da kyauta ne. Ta koya mini danna cikinsa da yatsa, ta koya mini gane bandar da aka shafa wa mai don ta yi ƙyalli. Ita ta sa na fara cin ganyen miyarsu da ake kira ugu, ita ta sa na daina ƙyamar jatan lande, har na zo ina daka shi a yaji. In na yi kuskure dariya take yi har da riƙe ciki, ta ce 'yan tudu sai a hankali.

Akwai abu ɗaya da ta yi wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da kaina. Mun tsaya wurin wata mai manja, na ga manjan ja ne mai kyau, na miƙa kwalbata. Ta riƙe mini hannu. Ta ɗiga kaɗan a tafina, ta ce in murza, in goge. Na goge, jan bai fita ba. Ta ce kala ake zubawa a ciki, kada in kuskura in saya a nan. A gaban matar ta faɗa, kuma matar ta ji, don sun yi ta musayar magana da yarensu, ba mai daɗi ba. Da muka bar wurin take gaya mini ai 'yar uwar Mama ce, ɗiyar ƙanwar kakarta ko wani abu mai kama da haka. Na ce mata ba ta tsoron ɓata zumunci? Ta ce zumunci nata ne, ita za ta gyara abinta, amma manjan cikina zai shiga.

Ranar nan ce kuma muka shiga layin masu hatsi. Nan mutanenmu ne zalla. Na ji Hausa ta ko'ina, na ji kamar an sauke mini kaya. Muka tsaya gaban wani mai wake, ya ce, "Hajiya, me za a ba ki?" irin yadda suke ce wa duk macen da ba su sani ba. Muka gaisa, ashe mutumin wajen Danja ne, har ya san kasuwarmu, ya san mutanen da na sani. Maƙwabciyata ta yi murna, ta ce yau aiki ya dawo kaina, ita ta gama nata a wurin kifi, ni 'yar manoma in zaɓa mata. Ta nutsa hannu cikin wani buhu fari tas, ta ɗebo, tana cewa Mama ba ta cin kowane wake sai waken gida, ta ce duk duniya babu kamar na ƙasar Funtua.

Na karɓa na kai hanci. Warin ba shi da ƙarfi, wanda bai sani ba zai wuce shi. Ni kuwa nan take na ga bayan gidanmu, na ga tamfol, na ga Yaya da rawani a hanci. Na ɗaga kai na tarar mai waken yana kallo na. Ya san na gane, na san ya san na gane. Ya yi murmushi ya ce wa maƙwabciyata ai ta zo da wadda ta san abu mai kyau.

Na ce, "Yana da kyau."

Ta sa aka auna mata tiya biyu.

Na sha tambayar kaina me ya ɗaure mini baki, kuma duk amsar da na samu ba ta da daɗin ji. Kunya ce, amma muguwar kunya. Ban so in tona asirin mutanenmu a gaban 'yar Kudu ba. Ban so mai waken nan ya koma gida ya ce ɗiyar gidan wane ta je Legas tana ɓata wa 'yan uwanta kasuwa ba. Ban so matar da ke kira na 'yar gida ta san abin da gidan ke aiko mata ba. Matar da ta kunyata 'yar uwar babarta saboda cikina, rana ɗaya, kasuwa ɗaya, ko awa guda ba a yi ba. Na gaya wa kaina ai ƙarfin maganin yana fita in wake ya daɗe, ai za a wanke, ai za a tafasa. Na san buhun da har yanzu yake wari bai daɗe ba. Na sani sarai.

Maimakon in buɗe baki, sai na shiga 'yan dabaru. Yaya kan aiko mini da waken ci a jarka ta hannun direbobin da ke sauko da kaya, don ko kusa ba zai yarda ƙanwarsa ta sayi wake a Legas ba, ya san abin da ya sani. Na riƙa ɗibar mata a kwano. Ta duba ta ga huda, ta ga toka, ta fashe da dariya, ta ce lallai Yayan nan nawa marowaci ne, ya sayar da mai kyau ya aiko mini da ragowar ƙwari. Na yi dariya ni ma. Ta karɓa don kada in ji kunya, ta ci gaba da sayen farin. Na ce ta riƙa shanya shi a rana, ta riƙa wankewa sau uku, ta ce oho, 'yan tudu da tsirfa. Watanni suka wuce ba abin da ya faru, sai na saki jiki.

Duk Lahadi in sun dawo daga coci Mama kan dafa wake da manja da soyayyar agada, kuma ba ta taɓa mantawa da ni ba. Maƙwabciyata ce ke kawo kwanon da kanta, a rufe da faranti. Ni kuma in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in jira ta shiga ɗaki, in juye a leda in kai bola. Agadar ma ba na ci, tunda ta taɓa waken. In wanke kwano in mayar, in ce Mama ta iya girki. Haka na yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi. Na kare cikina tsaf, daidai yadda aka koya mini a gida.

Lahadin da abin ya faru, sabon awo ne, daga wani buhu da aka sauke a makon. Wajen la'asar na ji hayaniya a ɗakin ƙarshe. Maƙwabciyata na durƙushe a bakin kwata tana amai, 'ya'yanta biyu ma haka. Mama kuwa tana kwance a tabarma, gumi ya jiƙe mata riga, yawu na zuba daga bakinta, hannuwanta na rawa. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku, kanta a cinyata, har asibiti. Ina riƙe da kan nan ina jin nauyinsa, ina kuma sane da abin da ke cikinta, duk cikin keken ni kaɗai na sani.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da aka ci, ta ce a lissafo duk wanda ya ci. Maƙwabciyata, tana tsaye da ƙyar tana dafe da bango, ta ambaci kanta da 'ya'yanta da Mama. Sai ta zabura ta juyo ta kama ni.

"Ita ma ta ci. Na kai mata. Ku duba ta, don Allah, tana da ciki."

Gaskiya ne, watana huɗu a lokacin. Babarta na kwance ana neman jijiya a hannunta, ita kuma cikina take tunawa.

Na ce, "Ban ci ba."

"Kin ci mana, ba ki maido kwano ba?"

"Zubarwa na yi."

Ta dube ni, ba ta gane ba tukuna. Sai na faɗa, a nan baranda, a gaban ma'aikaciyar da ba ta jin Hausa. Na faɗi tamfol, na faɗi fiya-fiya, na faɗi na ci da na kasuwa, na ce a gaya wa likita maganin ƙwari ne don ya san abin da zai yi. Ta juya ta fassara wa ma'aikaciyar, murya a daidai, matar ta ruga ciki. Sannan ta dawo kaina ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun ranar farko, ranar manja. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare ni. Ta ce kawai, "Duk Lahadi?" Na ce duk Lahadi. Ta saki hannuna ta shiga wurin babarta.

Ita da yaran washegari suka ware. Mama ta yi kwanaki a asibiti, ta dawo gida, amma ba Maman da na sani ba. Rawar hannun ba ta bar ta ba, ba ta ƙara tsayawa gaban murhu ba.

Fushin da na ji a kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma da farko ban san inda zan sauke shi ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na Yaya. Maigida na dawowa na ce masa gida zan je. Ya ce da cikin? Na ce da shi. Na hau mota har Funtua, daga nan Malumfashi, daga nan babur. Bayan kaka ne, an gama sussuka. Ban ko ajiye jaka ba na ji warin, na zagaya bayan gida na same shi, tamfol a shimfiɗe, rawani a hanci. Yana gani na ya ɗaga hannu ya ce in koma, in koma, ba kyau mai ciki ta shaƙa.

Ba kyau mai ciki ta shaƙa. Wallahi wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

Na gaya masa komai, a tsaye, daga nesa, ina ɗaga murya irin yadda ban taɓa yi wa babba ba. Ya saurare ni har ƙarshe, don Yaya ba mugu ba ne a yadda muke auna mugunta. Shi ya riƙe gidan bayan Baba, shi ya yi mini kayan ɗaki, ba ya wuce mara lafiya bai tsaya ba. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Sannan ya shiga kawo dalilai. Ya ce in je kasuwa in ga yadda dillalai ke soka ƙarfen nan mai kwarmi a buhu, in suka ga ƙwaro ɗaya sai su ture buhun gefe. Ya ce mutanen Kudun ne da kansu ba sa son mai huda, fari suke nema, an ba su abin da suke so. Ya ce in shi bai zuba ba, ɗan kasuwa zai zuba, ninki biyu ma. Ya ce wa ya gaya mini nasa ne suka ci, buhu nawa ke sauka Legas a rana? Na ce akwai buhun nan mai leda a ciki da ke kashe ƙwaro ba magani, malaman gona sun sha nunawa. Ya ce kowa haka yake yi, shi kaɗai zai gyara duniya?

A ciki akwai gaskiya, shi ya sa ya fi ƙona rai. Ban san ko nasa ne ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Amma ba wanda zai ce mini ba a san illar abin nan ba. Mutumin da bai sani ba ba ya ɗaure hanci, ba ya jifar kaza, ba ya ware durom. Durom ɗin tokar nan da ke ɗakin Inna shi ne shaidar da ke kanmu, duk gidan.

Inna ma ba ta goyi bayana ba. Abin da ya dame ta shi ne na faɗa wa bare. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta ce yanzu da wane ido matar za ta dubi mutanen garin nan. Na ce da idon da ya kamata, Inna. Ta ce Legas ta koya mini rashin kunya.

Washegari na ce ni zan yi girkin rana. Na ɗebi wake a durom, na zauna na tsince shi ɗaya bayan ɗaya, na fitar da duk mai huda, na wanke tokar tas har ya yi fari. Na dafa shinkafa da wake, na zuba mai da yaji. Yaya na da 'yar autarsa, 'yar shekara huɗu, wadda ba ta cin abinci sai a kwanonsa. Bayan azahar suka zauna a rumfar ƙofar ɗaki, na ajiye musu kwanon, na tsaya. Ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya, yarinyar ta cika hannu ta kai baki.

Na ce, "Yaya, na ga na zaure ya fi kyau, shi na ɗiba."

Ban taɓa ganin mutum ya yi sauri haka ba. Ya buge hannun yarinyar, ya kifar da ita a cinyarsa, ya zura yatsa a bakinta yana ƙwaƙulowa, kwano ya kife, yana kiran matarsa ta kawo manja, ta kawo madara. Nasa bakin ma bai tuna ya tofar ba. Yarinyar ta tsala ihu. Inna ta fito ba ɗankwali.

Na ce, "Na durom ne. Tsincewa na yi."

Ya tsaya, yatsansa a jiƙe, yana huci. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mahaukaci.

Na ce, "Tsohuwar nan ma ɗiyarta haka ta yi mata, Yaya. Ita dai babu wanda ya ce mata na durom ne."

Ban yi nadamar abin da na yi masa ba. Yarinyar ce nake jin nauyinta, ta yi kwana biyu tana gudu na, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Yaya bai ƙara yi mini magana ba har na bar garin. Amma ranar tafiyata na tarar da jarka biyu cike da waken ci a bakin zaure, an ɗaure su da kyau. Ko a cikin fushi bai yarda in ci na Legas ba. Na so in ce ya gyara, in rufe labarin da daɗi. Abin da na ji daga bakin matarsa bara shi ne ya daina yi a bayan gida. A gona yake yi yanzu.

Da na koma, jarka ɗaya na kai ɗakin ƙarshe. Na yi sallama, na durƙusa gaban Mama, na ce ga abin da muke ci, shi ya kamata in kawo tun farko da bayaninsa. Na nemi gafara, na yi kuka. Mama ta sa aka zuba mata kaɗan a tafin hannunta mai rawa, ta shinshina, ta yi atishawa, ta yi 'yar dariya. Ta ce haka wake ke ƙanshi lokacin da ta fara zuwa Funtua tana amarya, toka da barkono, ta manta. Ta ce ta yafe, ta shafa mini kai. Ba ta ci ba dai. Ba ta ƙara cin wake ba har damina ta zagayo ta rasu. Ban ce waken ne ya kashe ta ba, ajali ne, shekaru ma sun ja. Amma na san matar da ke tsayawa gaban murhu kafin Lahadin nan, na san wadda ta dawo.

Maƙwabciyata na tsaye a bakin ƙofa duk lokacin da nake durƙushe. Ta karɓi jarkar, ta ajiye a bayan ƙyaure.

Ta ce, "An gode, Hajiya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, ta kuma sani.

Har yanzu gida ɗaya muke. Muna gaisawa safe da yamma, ta zo barka da na haihu, ta kawo sabulu. Yanzu mai huda take saye, na kuma ji tana gaya wa matan layin su riƙa kai wake hanci kafin a auna, su guji wanda ƙwaro ya ƙi. Ba ta taɓa cewa daga wurin wa ta ji ba. Rannan muka haɗu a bakin ruwa, na ɗauki wani kifi ina juyawa, ta zo wucewa da bahonta a ka, ta leƙa ta ce in ajiye, na jiya ne. Na ajiye, na ce na gode. Ta ce ba komai, Hajiya, ta wuce.